Mai Uwar Maƙera Shi Ke da Kasuwa

Wayar farko da na riƙe a hannuna Nokia ce, kuma abin da na fi tunawa da ita shi ne wasan macijin nan da ke ƙara tsawo duk sa'ad da ya haɗiye ɗigo. Kamfanin ya fara saka wasan a wayoyinsa a 1997. A wancan lokaci waya takan fito daga masana'anta a rufe, abin da aka zuba mata shi ke nan. Sai da na fara koyon ƙera manhaja na gane cewa abin da ya buɗe ta wani ƙunshin kayan aiki ne da masu sana'ar ke kira SDK. Da na bi diddigin tarihinsa, sai na ga shi ya raba gardama tsakanin manyan kamfanonin waya na duniya.

Ƙunshin nan kamar kayan maƙeri yake: uwar maƙera, masaba, awartaki da zuga-zugi. A cikinsa akwai abin da ke juya rubutun magini zuwa harshen da na'ura ke ganewa, da shiryayyun umarni na kiran kyamara ko taswira, da wayar kwaikwayo da ake gwada aiki a kanta cikin kwamfuta, da littafin bayani. Wanda bai same shi ba, komai basirarsa, ba shi da hanyar shiga cikin wayar.

Wani yunƙuri na buɗe ƙofar ya zo ne a 1999, lokacin da kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da ƙaramin nau'in harshen Java domin ƙananan na'urori. Burinsa shi ne a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a ko'ina. Amma kowace waya da girman fuskarta da tsarin maɓallanta, don haka magini yakan sake gyara aikinsa domin wayoyi barkatai, sannan ya je ya roƙi kamfanin sadarwa ya sayar masa. Tsarin Symbian da Nokia ta dogara da shi ma yana da nasa kayan, sai dai ya yi suna wajen wahalar koyo.

A ranar 9 ga Janairu 2007 Steve Jobs ya nuna wa duniya iPhone a San Francisco, kuma ita ma a rufe ta zo. A watan Yuni ya shaida wa magina cewa su wadatu da shafukan intanet da za a buɗe ta Safari. Magina ba su gamsu ba, wasu ma suka shiga fasa kullen wayar suna cusa nasu manhajojin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Oktoba Jobs ya sauya shawara, aka saki kayan aikin a ranar 6 ga Maris 2008, sannan App Store ya buɗe a watan Yuli da manhajoji 500. Sharuɗɗan a wancan lokaci su ne: dala 99 a shekara, kwamfutar Mac, amincewar Apple kafin manhaja ta fita, da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciniki.

Google kuwa ta bi wata hanya dabam. Ta sayi ƙaramin kamfanin Android na Andy Rubin da abokansa a 2005, ta kuma saki kayan aikinta kyauta a watan Nuwamba 2007, kusan shekara guda kafin wayar Android ta farko, HTC Dream, ta shiga kasuwa a Oktoba 2008. Ta ware dala miliyan 10 domin gasar magina. Kayan suna aiki a Windows da Linux da Mac, rajistar shagonta kuma dala 25 ce sau ɗaya. Wato ta tara maƙera tun kafin a share filin kasuwa.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Nokia, wadda ta fi kowa sayar da waya, ta ga magina sun kwashe kayansu sun koma wani gida. A Fabrairu 2011 ta sanar da jingine Symbian ta rungumi Windows Phone, a 2014 kuma Microsoft ta saye sashenta na waya. Ita ma Windows Phone rashin manhajoji na cikin abin da ya kayar da ita. Darajar waɗannan kaya ta kai har gaban alƙalai: Oracle, wadda ta sayi Sun a 2010, ta kai ƙarar Google kan layukan Java kimanin 11,500 da aka kwafa cikin Android, sai a Afrilu 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya.

Wannan tarihi ya taɓa ni kai tsaye. Da tsohuwar kwamfuta ta hannu na biyu na haɗa manhajata ta farko, kuma shawarar da aka yanke a Kalifoniya a 2007 ce ta ba ni wannan dama. Amma masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanoni biyu ke riƙe da kayan da kusan dukkan maginan duniya ke dogaro da su, su ke gindaya ƙa'ida, su ke sauya ta. Ko da Facebook ta fito da React Native a 2015, Google kuma ta kammala Flutter a 2018, domin a rubuta manhaja ɗaya ta hau wayoyin biyu, a ƙarshe dai shagunan nan biyu ake kai kaya. Sai da dokar Tarayyar Turai ta tilasta, kafin Apple ta yarda da wasu shaguna a ƙasashen tarayyar a 2024.

A ganina, matashin da ke koyon wannan sana'a a yau ya kamata ya karanta sharuɗɗan kayan da aka ba shi kamar yadda yake karanta littafin bayaninsu. Ƙira tasa ce, gumi nasa ne, amma uwar maƙerar aro ce, kuma mai ita yana iya sauya farashi a kowace safiya.