Gidan Earlswood da Sana'o'in Masu Raunin Fahimta

A zamanin da, a ƙasar Ingila, yaron da aka haifa da raunin fahimta akan haɗa shi da mahaukata, ko a kai shi gidan matalauta, ko kuwa a bar shi a ƙuryar ɗaki, ba aikin fari ba na baƙi. Mutane sun ɗauka irinsa ba ya koyon kome.

Wani limamin Kirista, Andrew Reed, bai yarda da haka ba. Cikin 1847 ya kafa ƙungiya, aka yi ta tara kuɗi har aka buɗe babban gida a Earlswood, kudu da Landan, cikin 1855. Cikin 1858 aka naɗa Likita John Langdon Down ya shugabanci gidan. Da zuwansa sai ya hana duka. Ya sa aka koya wa mazauna gidan tsabta da ladabin cin abinci, sa'an nan aka rarraba su ga sana'o'i, watau sassaƙa, da dukanci, da ɗinki, da saƙar tabarma, da noma. In an tashi aiki kuwa, sai wasanni da kaɗe-kaɗe.

Cikin mazauna gidan ba wanda ya yi suna kamar James Henry Pullen, wanda aka haifa cikin 1835. Ba ya ji sosai, maganarsa ma da ƙyar ake ganewa, amma fa hannunsa gwani ne. Ya yi fiye da shekara 3 yana sassaƙa kwaikwayon wani babban jirgin ruwa mai suna Great Eastern, tsawonsa wajen ƙafa 10. A gidan ya rasu, cikin 1916.

Cikin 1868 Likita Down ya buɗe nasa gida, Normansfield, a Teddington. Ya gina masa zauren wasan kwaikwayo, aka buɗe cikin 1879, don a ganinsa nishaɗi ma magani ne.

Amma bayan dokar 1913, wadda ta ba hukuma ikon tsare irin waɗannan mutane, sai gidajen renonsu suka yi ta cika, da yawa suka koma wuraren tsaro, mutum ya tsufa nesa da danginsa. Daga baya aka gane zama cikin jama'a ya fi, aka rufe Earlswood da Normansfield cikin 1997. Zauren nan yana nan har yau, shaida ga cewa wanda aka raina, in an ba shi kayan aiki da haƙuri, ya kan yi abin mamaki.