Mata da Shari'a: Daga Fadar Birnin Lalle Zuwa Kotun Tsarin Mulki

Birnin Lalle ba baƙon shari'a ba ne. Nan Gobirawa suka kafa fadarsu bayan sun baro Azbin, tun kafin a gina Alƙalawa, kuma har gobe rikicin gona, gado ko aure a gaban sarki yake fara sauka. Dokar Nijar ta ba sarakuna ikon sulhu a irin waɗannan al'amura. In sulhu ya ci tura, sai a nufi kotun Dakoro, inda alƙali kan zauna da masana al'ada a gefensa.

Abin da ke wuyar samu a wannan hanya shi ne lauya. Ƙungiyar lauyoyi ɗaya ce tak a Nijar, kuma mafi yawan mambobinta a Yamai ofisoshinsu suke. Shi ya sa kotunan jihohi suka daɗe suna dogaro da masu kariya da ake naɗawa, waɗanda ba lauyoyi ba ne. Matar da aka danne wa gado a ƙauye, wa zai tsaya mata?

Hadizatu Mani ta san nauyin wannan tambaya. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita kan sefa 240,000 a yankin Birnin Ƙonni, ta zama wahaya, wato baiwa. Ta samu takardar ƴanci a 2005, ta auri wanda take so, amma tsohon ubangidanta ya kai ƙara cewa matarsa ce, aka yanke mata wata shida bisa laifin aure kan aure. Sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da lauyoyi suka ɗauki maganarta zuwa kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Dokar haramta bauta tana nan tun 2003. Mai ɗaga ta a gaban alƙali ne aka rasa.

Shekara ba ta zagayo ba, wata mace ta girgiza ƙasar daga kan kujerar alƙalanci. Fatimata Bazeye Salifu ce ke shugabantar Kotun Tsarin Mulki lokacin da Shugaba Tanja ya nemi tazarce. A watan Yunin 2009 kotun ta soke dokar kiran zaɓen raba-gardama, shi kuma ya rushe kotun. Fatimata ba ta lanƙwasa ba. Bayan juyin mulkin Fabrairun 2010, ita aka danƙa wa majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, kuma jaridar Daily Trust ta zaɓe ta gwarzuwar Afirka ta 2011. Ta cancanci haka, domin a lokacin mutane da yawa sun zaɓi yin shiru.

A ƙetaren iyaka, Aloma Mariam Mukhtar ta zama lauya a Ingila a 1966, mace ta farko daga Arewacin Najeriya, ta yi alƙalanci a Kano, har ta zama Babbar Jojin ƙasa a 2012. Ƙungiyar lauyoyin Najeriya ta samu shugaba mace, Priscilla Kuye, tun 1991. Hauwa Ibrahim kuwa tana cikin lauyoyin da suka kare Amina Lawal, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta Musulunci a Katsina ta wanke daga zargin zina a watan Satumban 2003, kuma da hujjojin fiƙihu aka yi nasarar.

A 2011 Nijar ta kafa hukumar ANAJJ don bai wa marasa hali taimakon shari'a kyauta. Mataki ne mai kyau, sai dai tsakanin Yamai da Dakoro akwai ɗaruruwan kilomitoci, kuma kuɗin mota kaɗai ya ishi mai ƙara ta haƙura.