Daga Baduku Zuwa Lamba 42: Tarihin Takalmin Aiki da Dalilin da Ya Sa Sabo Yake Cizo

Idan ka bi titin Funtuwa zuwa Gusau, kafin ka faɗa Zamfara za ka ratsa 'Yankara, a ƙaramar hukumar Faskari. Yanki ne na noma da kiwo. Manomin masara a Sabuwa, mai haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, lebura mai sauke buhuna a kasuwa, duk da ƙafa suke neman abinci, kuma ƙafar tana shiga wuraren da silifa ba ta da amfani. Shi ya sa za ka ga mutum ya tara kuɗi ya sayi takalmin fata mai wuya, irin wanda ake kira sefti. Bayan kwana uku sai ka same shi yana ɗingishi, diddige ya yi bororo, takalmin kuma yana ƙarƙashin gado.

Me ya sa haka, alhali mu jikokin mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna sayar wa duniya takalma ne? Amsar tana cikin tarihi, kuma idan ka fahimce ta za ka san yadda za ka zaɓi takalmin da ba zai cuce ka ba.

Lokacin da ƙafa ce ma'auni

A littafinsa da aka buga a 1550, matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir, ya ce ana kai takalmansu har Timbuktu da Gao. Bayan shekara ɗari uku, a farkon 1851, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya ratsa Katsina ya shiga Kano. A lissafinsa, in ka cire tufafi, takalma suna sahun gaba a kayan da Kano ke fitarwa, kuma ya kimanta cinikinsu a kan wuri miliyan 10 a shekara. Ya kuma ga jemammun fatu ana lodinsu zuwa Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin abin da ya riƙa tsallaka Sahara ya isa Turai, inda aka san irin wannan fata da sunan fatar Maroko.

Sana'ar ta kasu biyu. Majemi shi ke gyara fata, baduku shi ke yanka ta ya ɗinka. Har yau akwai unguwannin Majema da Dukawa a cikin birnin Kano. Baduku yana ɗinka faɗe na yawon yau da kullum, da huffi na malamai, da dogayen takalman hawa da kake gani a ƙafar mahaya ranar hawan salla.

Abin lura a nan shi ne, in an yi odar takalmi, ƙafar mai shi ita ce ma'auni. Baduku zai dube ta, ya zana sawunta, ya yanka daidai da ita. Mai faɗin ƙafa ya sami mai faɗi. Kuma yawancin takalman a buɗe suke, yatsu na shan iska, babu bangon da za su yi karo da shi.

Abin da bagaruwa ke yi wa fata

Fata cike take da zaruruwan wani furotin mai suna kolajin, a sarƙe da juna kamar saƙar tabarma. In ka bar ɗanyar fata, ko dai ta ruɓe ko ta bushe ta yi tauri kamar faranti. Majemi yakan jiƙa ta a ruwan toka don gashi ya fita, ya kankare ta, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. Bagaruwa na ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke maƙalewa a jikin zaruruwan nan ya hana ƙwayoyin cuta cin su. Daga nan sai a shafa mai, a rina ja da karan dafi. Baƙi kuwa daga ƙarfe ake samunsa, domin duk inda ƙarfe ya haɗu da tanin sai ya yi baƙi.

Fatar da aka jeme da tanin tana da hali guda: in ta sha gumi da ɗumin jiki, sannu a hankali sai ta ɗauki siffar abin da ke cikinta, ta riƙe. Wannan shi ne asalin abin da muke kira sabon takalmi ya saba da ƙafa.

A 1858 wani masani Bajamushe, Friedrich Knapp, ya nuna cewa gishirin kuromiyam ma yana jeme fata. A 1884 Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar yin haka a masana'anta a Amurka. Jimar da kan ɗauki makonni ko watanni in fatar sa ce mai kauri, sai ta koma ta kwana ɗaya ko biyu. Yau mafi yawan fatar duniya da kuromiyam ake jeme ta, har da wadda ake yi a masana'antun Kano na Challawa da Sharaɗa. Saman takalmin sefti da ke hannunka, in fatar gaske ce, kusan tabbas irin wannan ce: ta fi jure ruwa da zafi, amma an zaɓi mai kauri ne da gangan, don haka sai ta ɗauki lokaci kafin ta lanƙwasu.

Ranar da inji ya karɓi aikin

Takalmi rufaffe ba a kan ƙafar mutum ake ɗinka shi ba. A kan wata ƙafar katako ko roba ake jan fatar, wadda masu sana'ar ke kira las. A Turai an daɗe ana amfani da las guda ga ƙafa biyu, babu dama babu hagu, sai a ƙarni na 19 bambanta su ya zama ruwan dare.

A cikin wannan ƙarnin ne injuna suka shigo. Lyman Blake ya ƙirƙiro injin ɗinke tafin takalmi a 1858. A 1883 Jan Matzeliger, baƙar fata haifaffen Suriname da ke aiki a garin Lynn na Amurka, ya yi rajistar injin da ke jan fata a kan las, aikin da a da ake ganin hannu kaɗai ke iya shi. Takalmi ya yi arha ƙwarai. Sai dai masana'anta ba ta san ƙafarka ba, saboda haka dole ta koma ga lamba.

Lambar Ingila an gina ta ne a kan tsawon ƙwayar sha'ir, wato kashi ɗaya cikin uku na inci, kusan milimita 8.5 tsakanin lamba da lamba. Ta Faransa, wadda muka fi sabawa da ita a kasuwanninmu, kashi biyu cikin uku na santimita ce. Lamba 42 tana nufin las mai tsawon santimita 28. Ka lura, tsawon las ne, ba na ƙafarka ba. Kuma wannan 42 ɗin ita ce kusan 8 a Ingila, 9 a lambar maza ta Amurka. Abin da lambar ba ta faɗa maka ko kaɗan shi ne faɗi da tudun ƙafa, kuma a nan ne yawancin ciwon yake.

Sojoji sun ɗauki matsalar da muhimmanci, don sojan da ƙafarsa ta ɗaye ba ya tafiya. Wani likitan sojan Amurka, Edward Munson, ya binciki ƙafafun sojoji kusan 2,000, ya fitar da littafi a 1912, ya tsara las mai faɗin gaba wanda ke barin yatsu su baje. Tun kafin shi, a 1905, likita Phil Hoffmann ya kwatanta ƙafafun masu yawo ba takalmi da na masu sa takalmi, ya ga na farkon yatsunsu sun fi bajewa. Wannan ya shafe ka kai tsaye. Wanda ya tashi a silifa da faɗe, sau da yawa gaban ƙafarsa ya fi faɗin las ɗin da aka sassaƙa don mutanen da suka tashi a sau-ciki tun suna yara.

Yadda ya iso mana

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda da ya ratsa Funtuwa da Gusau kuma aka kammala shi a 1929. Fatun da a da raƙuma ke kaiwa arewa sai suka juya kudu zuwa Ikko, mafi yawa ba a ɗinka komai da su ba. Takalmi rufaffe kuma ya riƙa dawowa daga waje a ɗinke. Sojojinmu na zamanin Turawa sun daɗe suna fareti ba takalmi ko da faɗe. A Yaƙin Duniya na Biyu, musamman rundunoni na 81 da 82 da suka yi yaƙin Bama, takalmin soja ya zama kayan aikin kowa. 'Yan sanda, ma'aikatan reluwe da na masana'antu suka biyo baya.

An yi ƙoƙarin riƙe ilimin a gida. Cibiyar binciken fata da ke Samarun Zariya, wadda yau ake kira NILEST, ta samo asali tun 1964. Duk da haka, takalmin aikin da za ka tarar a kasuwar ƙauye yau galibi ko gwanjo ne ko sabo daga ƙasashen Asiya. Ma'ana, aikin da baduku ke yi maka a da, na daidaita takalmi da ƙafa, yanzu ya dawo wuyanka.

To, yaya za ka zaɓa?

Fara da awo. Ka taka takarda kana tsaye, nauyinka a kan ƙafar, wani ya zana maka. Auna daga diddige zuwa yatsan da ya fi tsawo, ƙafa biyun duka, ka ɗauki babbar. Ƙara santimita 1.5, ka ninka da 1.5. Misali ƙafa mai santimita 26.5: in ka ƙara ya zama 28, in ka ninka ya ba ka 42. Wannan mafari ne kawai, gwaji ne zai yanke hukunci.

Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar yini, kuma da safar da za ka yi aiki da ita. Ɗaure igiya, ka yi tafiya, ka tsuguna kamar mai shuka. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Inda takalmin ke lanƙwasa ya dace da inda ƙafarka ke lanƙwasa.

Mai kaya zai ce maka, "Alhaji ɗauka kawai, zai buɗe." Rabin gaskiya ya faɗa. Fata tana ɗan buɗewa ta faɗi, amma ba ta ƙara tsawo. Ƙarfen da ke gaban sefti kuwa ba ya buɗewa har abada. In ya taɓa maka yatsa a shago, zai taɓa shi har ranar da takalmin zai mutu.

Duba cikin harshen takalmin. In ka ga EN ISO 20345, ƙa'idar tana nufin gabansa zai jure bugu mai ƙarfin jul 200, kwatankwacin abu mai kilo 20 ya faɗo daga tsayin mita ɗaya. Alamar S3 tana nufin saman yana tare ruwa, kuma akwai kariya a tafin daga ƙusa. Sai dai rubutu ba ya wuyar bugawa, don haka duba fatar kanta: ta gaske bayanta gashi-gashi ne na zaruruwa, ta roba kuwa yadi za ka gani a manne. In gwanjo ne, lanƙwasa tafin da kyau. Wani irin tafin roba mai laushi yakan ruɓe a ajiye, ya yi kyau a ido, ya farfashe cikin mako guda.

Ga mai shiga gona, tsawon wuya na da muhimmanci. Yawancin saran maciji, har da na kububuwa, a ƙafa da ƙasan ƙwauri yake faruwa. Takalmi mai kauri da ya rufe idon sawu, da dogon wando a kansa, yana rage haɗarin sosai, ko da yake ba ya kawar da shi gaba ɗaya.

Saba da shi a hankali

Bororo yana fitowa ne idan ƙashi ya motsa, fatar ƙafa kuma ta maƙale a jikin takalmi, sai sassan fatar su rabu daga ciki ruwa ya taru. Danshin gumi yana ƙara wannan maƙalewar. Saboda haka ka fara da awa ɗaya ko biyu a gida, ka riƙa ƙarawa cikin mako biyu kafin ka yi cikakken yini a gona. Sa safa mai kauri, ka canza ta in ta jiƙe. Da ka ji wuri ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun bai tashi ba. Ɗan man kaɗanya a wuraren lanƙwasa yana tausasa fata, amma kar ka cika, kuma kar ka kusanto da baƙin mai.

In ya jiƙe, cusa masa takarda ka ajiye a inuwa. Kar ka kai shi bakin murhu. Jiƙaƙƙen kolajin yana ƙanƙancewa da zafi, kuma in ya ƙanƙance ba ya dawowa. Lokacin hunturu ka riƙa goge ƙura kana shafa mai, don busasshiyar fata tsagewa take yi.

Gargaɗi na musamman ga mai ciwon suga: jijiyoyin ƙafarka na iya daina kawo maka labarin ciwo, takalmi ya ci ka ba ka sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Ka duba ƙafarka da ido kowane dare, in ka ga ja ko ɗayewa ka ajiye takalmin ka je asibiti. Kowa kuma ya zazzage takalminsa da safe kafin ya zura ƙafa, saboda kunama na son wuri mai duhu.

In bayan mako biyu wuri guda yana ci gaba da cizo ta gefe, kai wa mai gyaran takalma ya buɗa maka shi a kan las. In kuwa ta tsawo ne ya gaza, ka sayar ko ka ba wanda ya yi wa daidai, domin kuɗin wani takalmin bai kai kuɗin jinyar ƙafa a tsakiyar damina ba.