Amana da Riba: Tarihin Tattalin Arzikin Wasan Besbol a Amurka

Gabatarwa

A shekarar 1869 wata ƙungiyar wasa ta birnin Cincinnati a ƙasar Amurka, mai suna Red Stockings, ta fito fili ta bayyana cewa dukan 'yan wasanta albashi suke karɓa. Kafin wannan lokaci wasan besbol abin shaƙatawa ne, wanda duk aka ba wa kuɗi a kansa kuwa a ɓoye ake ba shi. Bayan shekara 155, wato a 2024, an ƙiyasta cewa kuɗin shigar manyan ƙungiyoyin wasan su 30 ya haura dala biliyan 12. Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin abin da ya riƙe wannan sana'a tsawon wannan zamani, da kuma fayyace wanda ya ɗauki nauyinta.

Ga wanda bai san wasan ba, ɓangarori biyu ne ke karawa, kowanne da mutum tara. Mai jifa yakan wurgo ƙaramar ƙwallo, mai duka ya tare ta da kulki, sannan ya zagaya zango huɗu da gudu kafin a cim masa. In ya doke ta ta tsallake shingen fili, ya ci zagayen ba tare da wata barazana ba. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, 81 a gida, daga bazara zuwa kaka. Yawan wasannin nan shi ne jarin farko na sana'ar, domin ya mai da ita abin yau da kullum, yaro ya tashi ya tarar da ubansa yana bin ƙungiya, shi ma ya gada.

Kafa Tsari

A 1876 wani ɗan kasuwar Shikago, William Hulbert, ya haɗa ƙungiyoyi takwas a rukuni guda mai suna National League. Abin da ya tarar shi ne wasa mai cike da 'yan caca da mashaya, wanda mutanen kirki suka fara ƙaurace wa. Saboda haka rukunin ya hana caca da sayar da giya a fili, ya tsayar da kuɗin shiga rabin dala, ya kuma ba kowace ƙungiya birninta ita kaɗai, ba mai kutso mata. Da aka kama 'yan wasan Louisville huɗu da laifin sayar da wasa a 1877, aka kore su har abada.

A 1879 masu ƙungiyoyin suka ƙirƙiro wani sharaɗi na riƙo a takardar aiki, wanda ya hana ɗan wasa komawa wata ƙungiya ko da wa'adinsa ya ƙare, sai dai ubangidansa ya sayar da shi ko ya sallame shi. Da 'yan wasa biyar a kowace ƙungiya aka fara, daga baya ya game kowa. Tun daga nan ginshiƙai biyu suka bayyana: tsare amanar mai kallo, da babakere a kan birane da 'yan wasa. Rukuni na biyu, American League, ya zo a 1901, aka yi ɗan gumurzu, sannan aka shirya, aka fara gasar zakarun rukunan biyu da ake kira World Series a 1903.

Cin Amanar 1919

A gasar 1919 ƙungiyar White Sox ta Shikago ta sha kashi a hannun Reds ta Cincinnati, duk da cewa ita aka fi sa wa ran nasara. Ramin ƙarya ƙurarre ne, domin a shekara mai zuwa ta bayyana cewa 'yan caca ne suka sayi waɗansu daga cikin 'yan wasan. Hankalin masu ƙungiyoyi ya tashi ƙwarai, saboda sun san abin da suke sayarwa shi ne rashin sanin wanda zai ci, in kuwa mai kallo ya zargi cewa an gama magana tun kafin a shiga fili, ba zai sake biyan ko anini ba. Sai suka ɗauko wani alƙalin gwamnatin tarayya, Kenesaw Mountain Landis, suka naɗa shi kwamishina a 1920 da cikakken iko. Kotu ta wanke waɗanda aka gurfanar a 1921, amma kashegari Landis ya haramta wa mutum takwas wasan har iyakar rayuwarsu.

Horo kaɗai ba ya cika fili da jama'a. A Disamba 1919 ƙungiyar Red Sox ta Boston ta sayar wa Yankees ta Niyok da Babe Ruth a kan dala 100,000. A 1920 ya yi dukan tsallake shinge sau 54, abin da ba a taɓa gani ba, 'yan kallon Yankees a gida kuma suka haura miliyan ɗaya, karo na farko ga kowace ƙungiya. A 1930 albashinsa ya kai dala 80,000, ya fi na shugaban ƙasa.

A 1922 kuma Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes, ta yanke cewa wasannin besbol ba ciniki ne tsakanin jihohi ba, don haka dokokin tarayya na hana babakere ba su hau kansu ba. Wannan hukunci ya ba masu ƙungiyoyi kariyar da ba wata sana'ar wasa ta samu irinta.

Faɗaɗa Kasuwa

An fara watsa wasan ta rediyo a Pittsburgh a 1921. Da yawa cikin masu ƙungiyoyi sun ji tsoron cewa wanda ya ji wasa kyauta a gida ba zai zo fili ba, har ƙungiyoyin Niyok uku suka haɗa baki suka hana watsawa sai a 1939. Daga baya aka ga rediyo jawo sababbin masoya yake yi, ciki har da mata da mazauna karkara. Wasan dare na manyan rukunan a ƙarƙashin fitilun lantarki ya fara a Cincinnati a 1935, ya ba ma'aikaci damar kallo bayan tashi daga aiki, aka kuma nuna wasan farko a talbijin a 1939.

Har zuwa 1947 ba a barin baƙar fata ya shiga manyan rukunan, sai dai su yi nasu daban, irin wanda Rube Foster ya kafa a 1920. A 1947 Branch Rickey na ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn ya sa Jackie Robinson a fili. Wannan gyara ne na zalunci, kuma ciniki ne mai riba, domin ya kawo gwanaye da dubban sababbin 'yan kallo. Sai dai ba a biya tsohuwar ƙungiyarsa, Monarchs ta Kansas City, komai ba, kuma cikin 'yan shekaru rukunan baƙar fata suka durƙushe. Haka talbijin ya yi wa ƙananan rukunan da ke ƙananan garuruwa: 59 ne a 1949, amma a 1963 ba su kai 20 ba. Ke nan ƙaruwar manyan ta zo tare da asarar waɗansu.

Kuɗin Jama'a

Wannan babi shi ya fi shafar ma'aikacin gwamnati. A 1952 'yan kallon ƙungiyar Braves ta Boston ba su kai 300,000 ba. A 1953 ta koma Milwaukee, inda hukuma ta gina fili da kuɗin jama'a, 'yan kallo suka haura miliyan 1.8. Sauran masu ƙungiyoyi suka fahimci cewa tun da su ke ƙayyade yawan ƙungiyoyi, birane kuma sun fi ƙungiyoyi yawa, barazanar ƙaura ta isa ta buɗe baitulmali. A 1958 Dodgers da Giants suka bar Niyok zuwa Kalifoniya. Filin Camden Yards na Baltimore, wanda aka buɗe a 1992, hukumar jihar Maryland ce ta gina shi, ya kuma zama abin koyi ga filaye da dama. A 2023 jihar Nevada ta amince da dala miliyan 380 don ginin filin da zai karɓi ƙungiyar Athletics, wadda ta bar Oakland bayan wasannin 2024.

Hujjar da akan kawo ita ce fili zai samar da ayyuka da haraji. Masana tattalin arziki, alal misali Roger Noll da Andrew Zimbalist a binciken da suka shirya a 1997, sun nuna cewa da wuya hakan ta tabbata, domin kuɗin da iyali suka kashe a fili da ma a wani wurin shaƙatawa na garin za su kashe shi. Abin da birni yake saye shi ne alfahari da haɗin kai, ribar kuwa tana komawa ga darajar ƙungiya. Ya kamata mai riƙe da dukiyar jama'a ya san wanne yake saye kafin ya sa hannu.

Rikicin Rabo

A 1966 ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ɗauko Marvin Miller daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa. A lokacin mafi ƙarancin albashi dala 6,000 ne, matsakaici kuma kimanin 19,000. A 1969 Curt Flood ya ƙi yarda a mai da shi Philadelphia daga St. Louis, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972. Amma a 1975 mai sulhu Peter Seitz ya yanke cewa sharaɗin riƙo shekara ɗaya kawai yake aiki, aka kuma daidaita a 1976 cewa wanda ya yi shekara shida yana da 'yancin sayar da gwanintarsa. Masu ƙungiyoyi suka ce wasan ya mutu. Lokacin da Miller ya sauka a 1982 matsakaicin albashi ya haura dala 240,000, 'yan kallo kuma ƙaruwa suka yi. Da masu ƙungiyoyin suka haɗa baki a asirce don danne albashi daga 1985 zuwa 1987, sai da suka biya diyyar dala miliyan 280.

Abin da ya taɓa aljihun kowa shi ne yajin aikin da ya fara ranar 12 ga Agusta 1994, a kan yunƙurin ƙayyade albashi. Ya yi kwana 232, aka soke World Series karo na farko tun 1904, bai ƙare ba sai da Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta ba da umarni a 1995. Da aka dawo, matsakaicin 'yan kallo ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari. Tseren Mark McGwire da Sammy Sosa na 1998, inda suka yi dukan tsallake 70 da 66, ya taimaka wajen dawo da jama'a, amma daga baya rahoton George Mitchell na 2007 ya nuna yadda magungunan ƙara ƙarfi suka yaɗu a wasan, McGwire kansa ya amsa amfani da su a 2010. Don rage tazara tsakanin manyan birane da ƙanana kuwa, tun yarjejeniyar 1996 ake raba wani kaso na kuɗin shiga, ana kuma sa haraji ga ƙungiyar da albashinta ya wuce ƙima.

Zamanin Talbijin na Kuɗi

Daga shekarun 1990 tashoshin talbijin na yanki suka zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samu. Sirrin ribarsu shi ne duk gidan da ya ja wayar talbijin yana biyan kason tashar wasanni a kuɗin wata, ko yana kallo ko ba ya kallo. Da haka Dodgers ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 8.35 ta shekara 25 a 2013. Da mutane suka fara barin wayar suna komawa intanet, kamfanin Diamond Sports, mai watsa wasannin ƙungiyoyi 14, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Maris 2023.

'Yan kallon fili ma sun ragu daga kimanin miliyan 79.5 a 2007 zuwa miliyan 64.5 a 2022, wasan kuma ya yi tsawo har matsakaicinsa ya wuce awa uku. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya: a 2023 aka sa agogo mai ƙayyade wa mai jifa lokaci, wasa ya ragu zuwa kimanin awa biyu da minti 40, 'yan kallo suka haura miliyan 70. A Disamba ta shekarar Dodgers ta ɗauki Shohei Ohtani, ɗan ƙasar Japan, a kan dala miliyan 700 na shekara goma, da sanin cewa masoyansa na Japan wata kasuwa ce.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa babakere, da kuɗin jama'a, da kuɗin talbijin duk hanyoyi ne na tara dukiya da raba ta, kuma suna iya sauyawa. An rushe sharaɗin riƙo wasan bai mutu ba, rediyo da talbijin ma ba su kashe shi ba. Manyan girgizar da ya sha sun zo ne lokacin da aka ci amanar mai kallo, kamar a 1919 da 1994, ko aka raina lokacinsa. Tushen dukiyar shi ne mutumin da ya yarda cewa abin da yake gani gaskiya ne, ya kuma saba zuwa.

Saboda haka lamarin caca ya cancanci a sa masa ido. A 2018 Kotun Ƙoli ta soke dokar tarayya da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, hukumar besbol kuma ta shiga ƙulla yarjejeniyar talla da kamfanonin caca. A 2024 sai ga shi an haramta wa ɗan wasa Tucupita Marcano wasan har abada saboda ya yi caca a kan besbol. Sana'ar da Hulbert ya kafa a kan korar 'yan caca, wadda Landis ya ceto daga hannunsu, ta buɗe musu ƙofa da kanta don neman ƙarin riba, alhali amanar da ake jinginar da ita ta fi duk abin da za su biya tsada.