Abdulƙahir al-Jurjani da Ma'aunin Tasirin Malami

Jami'o'in zamaninmu suna auna malami da yawan abin da ya wallafa da kuma yawan waɗanda suka kafa hujja da shi. Tarihin Imam Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a shekara ta 471 bayan Hijira bisa ruwaya mafi shahara, yana nuna inda wannan ma'auni yake gazawa.

Al-Jurjani ya yi karatunsa a garinsu Jurjan, a ƙasar Farisa, wajen Abul Husaini al-Farisi, ɗan 'yar'uwar Abu Ali al-Farisi. Marubutan tarihin malamai sun fi saninsa da nahawu. Sun ambaci al-Mughni, sharhinsa mai kimanin juzu'i talatin a kan al-Idah na Abu Ali, da taƙaitawarsa al-Muƙtasid, da al-Jumal, da al-Awamil al-Mi'a, ɗan ƙaramin littafin da ɗalibai suka yi ƙarnoni suna haddacewa. Littattafansa biyu na balaga kuwa, Dala'ilul I'jaz da Asrarul Balaga, ba su sami irin wannan yaɗuwa ba.

Sai dai a cikin waɗannan biyun ne babban aikinsa yake. A Dala'il ya kafa nazariyyar nazmu, wato fasahar magana tana cikin yadda aka jera kalmomi bisa ma'anonin nahawu, kamar gabatarwa da jinkirtarwa, ambato da shafewa, sadarwa da rabewa. Da wannan ya bayyana gagarar Alƙur'ani. A Asrar ya yi bincike mai zurfi a kan tashbihi da isti'ara da tamsili.

Ta hannun wasu ne tunanin nan ya isa ga al'umma. Zamakhshari, wanda ya rasu a 538, ya yi aiki da shi a tafsirinsa al-Kashshaf. Fakhruddin ar-Razi ya taƙaita littattafan biyu a Nihayatul Ijaz. Sakkaki, wanda ya rasu a 626, ya tsara ilimin a kashi na uku na Miftahul Ulum, Khaɗib al-Ƙazwini ya taƙaita wannan kashi a Talkhisul Miftah, sannan Taftazani ya yi wa Talkhis sharhi a al-Muɗawwal da al-Mukhtasar. Daga Talkhis ne Suyuɗi ya waƙe Uƙudul Juman, al-Akhdari kuma ya waƙe al-Jauharul Maknun, waɗanda ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa har yau. Sau da yawa ɗalibi yakan haddace babin fasli da wasli bai san daga wace rijiya ruwan ya fito ba.

Asalin littattafan bai dawo hannun ɗalibai sosai ba sai a farkon ƙarni na ashirin, lokacin da Rashid Rida ya buga su a Alƙahira, Shaihu Muhammad Abduh kuma ya karantar da su a Azhar. Daga baya Hellmut Ritter ya yi tahƙiƙin Asrar a Istanbul a 1954, Mahmud Muhammad Shakir kuma ya yi tahƙiƙin duka biyun.

Da an ƙidaya ambato a ƙarni na tara na Hijira, da Sakkaki da Ƙazwini sun yi wa al-Jurjani fintinkau, da kuma al-Awamil ya rinjayi Dala'il. Wajibin mai bincike, da kwamitin da yake auna aikinsa, shi ne su bi silsilar magana har zuwa wanda ya fara faɗarta, domin jingina ilimi ga ma'abocinsa amana ce.