Tarihin Gyaran Hancin Jariri a Ƙasar Arewa

 Hirarmu ta yau a kan hancin jariri ta ke. Za mu duba yadda iyayenmu na Tibiri da Dogon Dutsi suka yi da shi, da abin da aka gano daga baya.

Kun san halin hunturu a Dallol Mawri. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska na kwaso ƙura, dare na sanyi, mu kuma mu hura wuta cikin ɗaki. Ƙura da hayaƙi da mura su haɗu, hanci ya toshe. Babba ya fyace ya huta. Jariri bai iya fyacewa ba. Kuma a watanninsa na farko, da hanci ya ke yin yawancin numfashinsa. In bakinsa na kan nono, hanci kuma a toshe, sai ya saki nono ya yi kuka. Uwa ta ce ya ƙi nono, alhali numfashi ya ke nema.

Kakanninmu sun san da haka. Ungozoma ko kakar yaro ta kan gyara masa hanci wurin wanka, lokacin da ruwan ɗumi ya sa majina ta yi laushi. In ta ƙi fita, uwa ta ɗora bakinta ta tsotse, ta tofar. Wasu su ɗiga ruwan nono, wasu su sa man shanu. Wanzami kuma ya cire belu, don tsoron kada ya toshe maƙogwaro. Duk don ƙauna suka yi. Amma in ciwo ya sauka ƙirji, ba su da yadda za su yi. Yara da yawa sun rasu ta wannan hanya, aka ɗora wa sanyi ko iskoki.

Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, likitoci kaɗan ne, yawancinsu kuma a birni. Cikin shekarun 1960 aka fara horar da ungozomomi da masu ba da magani na ƙauye a jihar Maraɗi, daga nan abin ya bazu sauran jihohi. An koya musu wanke hannu da sabulu, da aika marar lafiya gidan likita da wuri. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, suka yarda a kai kiwon lafiya har ƙauye.

Cikin shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa wata dabara mai sauƙi. Toshewar hanci dabam, ciwon huhu dabam. Ciwon huhu, wanda wasu ke kira ciwon haƙarƙari, shi ke kashe yara. Ana gane shi da ƙirga numfashin yaro na minti guda, yana kwance ba ya kuka. In bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50. Daga shekara guda zuwa 5, 40. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, sai agogo da sanin ƙirga.

Daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka. A 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yaran da ba su kai shekara 5 ba. A 2008 da 2014 aka ƙara alluran rigakafi masu kare yaro daga wasu ƙwayoyin ciwon huhu. Ku dubi lissafi: a 1998, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 226 na rasuwa kafin shekara 5. A 2009 sun koma 128.

To, me za mu riƙe daga cikin na da, me za mu bari? Gyaran hanci wurin wankan ɗumi, mu riƙe shi. Tsotsa da baki kuwa tana iya kai cuta daga uwa zuwa yaro, ko daga yaro zuwa uwa. Man shanu da kowane irin mai, in ya zarce huhu, yana ɓata shi. Kada a sa mantaleta ko kafur a hancin jariri. Cire belu ba ya buɗe hanci, kuma yana jawo zubar jini.

Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Gaskiya ne, amma ruwan gishiri na yi masa amfani. Akwai na asibiti, ana sayar da shi a kantin magani. In babu, ku tafasa ruwa, ku bari ya huce, ku sa farin gishiri mai tsabta ɗan kaɗan, ba kanwa ba. Ku ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Ku wanke hannu. Ku ɗiga ɗigo 2 a kowace ƙofar hanci. Ku murɗe bakin tsumma mai laushi da tsabta, ku share majinar da ta fito. Kada ku cusa tsinke ko ashana. Mai ƴar robar zuƙo majina ta yi a hankali, ta wanke ta da sabulu bayan kowane aiki. A yi haka kafin ba da nono, a kuma ci gaba da ba shi nono sau da yawa. Maigida, naka aikin shi ne fitar da hayaƙin wuta da na taba daga ɗakin jego.

In an gyara hanci amma numfashi ya kai lambar da muka faɗa, ko ƙasan ƙirji na faɗawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko jikin sabon jariri ya yi zafi, ku kai shi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne.

Aikinku na wannan mako: ku rubuta 60, 50, 40 cikin littafinku, kowace lamba da watanni ko shekarun yaro kusa da ita. Ku karanta wa maƙwabciyar da ba ta shiga aji ba tukuna. Allah ya raya mana ƴaƴanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.