Tarihin Missouri, Jirgin Yaƙin Amurka: Gyaransa, Sabunta shi da Hutar da shi

Missouri jirgin yaƙi ne na ruwa, irin wanda mutanen dā suke kira manuwa, wanda daular Amurka ta ƙera a Brooklyn ta birnin New York, ta shigar da shi aiki ranar 11 ga Yuni, 1944, da tsawon mita 270 da manyan igwogi tara. Galibin masu tarihi suna ambatonsa ne saboda a kan benensa wakilan Japan suka sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba, 1945; amma wanda ya yi nazari da idon basira zai ga cewa abin al'ajabi a sha'aninsa shi ne shekarun da ya yi a ɗaure ba ya aiki, alhali kuwa bai lalace ba.

Bayan ya yi yaƙin Koriya, sai hukuma ta sallame shi ranar 26 ga Fabrairu, 1955, aka ajiye shi a Bremerton a jihar Washington. Da yake ruwan gishiri da danshi su ne manyan abokan gaban ƙarfe, tsatsa kuma ba ta jiran izinin kowa, sai ma'aikata suka toshe kafofinsa, suka lulluɓe ƙananan igwogin da ke waje, suka shafe injuna da maiƙo, sa'an nan suka kafa na'urorin da ke busar da iskar cikinsa dare da rana, har tsawon shekara 29. A ganina wannan tadbiri shi ne asalin dukan abin da ya biyo baya, domin da an yi sakaci da shi ko na 'yan shekaru, da babu kuɗin da zai tashe shi.

Da zamani ya juya, Shugaba Ronald Reagan ya ƙudurta kai jiragen rundunarsa 600 don gasa da Tarayyar Sobiyat, sai aka ja Missouri zuwa Long Beach a 1984, inda aka cire huɗu daga cikin hasumiyoyi goma na matsakaitan igwogi, aka ɗora masa makamai masu linzami, Tomahawk 32 da Harpoon 16, tare da bindigogin Phalanx huɗu masu kakkaɓo abin da aka harbo masa. Ya koma aiki ranar 10 ga Mayu, 1986, kuma a yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya harba sababbin makaman da tsofaffin igwogin gaba ɗaya.

Sababin hutar da shi karo na biyu ba gajiyar ƙarfe ba ce. Tukwanen tururinsa na tsohon yayi ne masu bukatar hannaye da yawa, har ma'aikatansa sun kai kimanin 1,500, ciyar da su da biyansu kuwa nauyi ne babba. Da Tarayyar Sobiyat ta wargaje, sai hujjar ɗaukar wannan ɗawainiya ta faɗi. Aka sallame shi ranar 31 ga Maris, 1992, aka soke sunansa daga rajistar runduna a 1995.

Makomar tsofaffin jiragen yaƙi takan bambanta: wasu a yanyanka su a sayar da ƙarfen, wasu a nutsar da su wajen gwajin makamai, wasu a miƙa wa ƙasashen ƙawance, kamar yadda aka ba Nijeriya jirgin Chase a 2011, ta raɗa masa suna Thunder. Shi Missouri an yi masa gata, domin an ja shi zuwa Pearl Harbor a Hawaii a 1998, aka mai da shi gidan tarihi, aka buɗe wa jama'a ranar 29 ga Janairu, 1999. Ko a nan ɗin ma hidimarsa ba ta yanke ba, don kuwa a watan Oktoba na 2009 sai da aka shigar da shi ramin gyara, aka janye ruwa, aka kankare jikinsa aka sake masa fenti, kafin a mai da shi mazauninsa a Janairun 2010.